Darasi na 7: Wace Kaza Ta Dace da Gida Mai Ƙananan Yara?

Ga mai jagorantar zama

Lokaci: awa 1 da rabi, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: tiya 1 ta dusa, tsakuwa kamar 60, ƙwan kazar Hausa 1 da ƙwan kazar gidan gona 1, littafin ƙungiya da biro. In akwai mai kazar Noiler a cikin mambobi, a roƙe ta ta zo da ita a kwando, wata kuma ta zo da kazar Hausa, a ajiye su nesa da juna.

Manufar darasi

A ƙarshen zama kowace mamba ta iya:

1. Bambance ire-iren kajin da ake samu a yankinmu da abin da kowace ke bukata.
2. Lissafa kaji nawa gidanta zai iya ciyarwa, da ƙwai nawa za ta samu.
3. Raba wurin kaji da wurin da yaro ke rarrafe.
4. Yanke shawara ko ta ci rance don kaji ko ta dakata.

Buɗe zama

A fara da tambayoyi biyu, kowa ta amsa da ɗaga hannu. Na farko, wa ke da kaza a gida? Na biyu, ɗan wa ya ci ƙwai a makon nan? A ƙirga hannuwa sau biyu, a rubuta a littafi.

Iyayena da yayyena, a yawancin ƙungiyoyi hannuwan farko sun fi na biyu yawa nesa ba kusa ba. Kaza tana tsakar gida, amma ƙwan bai isa bakin yaro ba. Ko dai an bar shi don kwanci, ko an kai wa mai shayi, ko kuma kazar ba ta yin ƙwan da zai isa a raba. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Darasin yau a kan wannan yake. Kazar da ta dace da gida mai ƙananan yara ita ce wadda za ki iya ciyarwa har ƙarshen bazara, ta riƙa ba yaronki ƙwai a kai a kai, kuma ba ta kwana inda yake kwana. Girman kaza a kasuwa ba shi ne abin dubawa na farko ba.

1. Tambayoyi uku kafin ki fitar da kuɗi

*Me nake so daga kazar nan?* Ƙwai don yara, ko nama don Sallah da suna, ko 'yan tsaki don garken ya ƙaru? Babu kazar da ta fi kowace a duka ukun. Mai yawan ƙwai ba ta kwanci. Mai kwanci ba ta yawan ƙwai. Mai saurin nama ba ta daɗewa.

*Da me zan ciyar da ita a watan Afrilu da Mayu?* Da kaka kowa mai dusa ce. Ana sussuka, ana surfe, tsaba na zube ko'ina. Amma a nan Baure, tun daga bazara har gero ya nuna, rumbu yana sauka, dusa tana tsada, tumaki da awaki ma suna jiran tasu. Kazar da ta dogara da abincin buhu, ranar da kuɗi suka yanke ranar ƙwai ke yankewa.

*Ina za ta kwana, ina kuma yarona ke wasa?* In amsar duka biyun wuri ɗaya ne, to akurki ne abin saye na farko, kaza ta biyo baya.

2. Ire-iren kajin da ke gabanmu

Kazar Hausa. Ita muka gada. Tana fita kiwo da kanta, ta tono gara da ƙwari da tsaba, ta san shirwa da shaho, ta jure zafin bazara. Tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta ba risho ba gawayi. Har ƙwan zabi takan kwanta a kai, sai dai shi yana kai kwana 26 zuwa 28. Rauninta shi ne ƙarancin ƙwai. Takan fara ne bayan ta kai wata 6 ko fiye, ta yi 10 zuwa 15 ta tsaya ta kwanta, kamar sau uku ko huɗu a shekara. Jimilla ƙwai 40 zuwa 60 ke nan a shekara, kuma ƙanana. A cikinta akwai mai tsiraicin wuya, wadda ta fi jure zafi saboda ƙarancin gashi, akwai mai murɗaɗɗen gashi, akwai durgu mai gajerun ƙafafu. Akwai kuma kazar Fulani, wadda ta fi sauran tsayi da nauyi, ita ma tana kiwo tana kwanci.

Noiler. Wani kamfanin ƙyanƙyasa da ke garin Awe a jihar Oyo ne ya samar da ita, don ƙwai da nama gaba ɗaya. Launinta iri-iri ne kamar kazar Hausa, tana fita kiwo, tana cin dusa da ragowar abinci. In tana ƙoshi, zakaran yakan kai kilo 2 cikin wata 3 zuwa 4, macen kuma ta fara ƙwai wajen wata 5 zuwa 6, ta yi kamar 150 ko fiye a shekara. Sai dai tana da ci ƙwarai, kiwo kaɗai ba ya isar ta. Ba kasafai take kwanci ba, kuma nauyinta ya sa ba ta da zafin naman gudun kare ko muzuru.

Akwai 'yan uwanta masu irin wannan hali: FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona da ke Abeokuta, da Kuroiler mai asali daga Indiya, da Sasso mai asali daga Faransa. Tsakanin 2015 da 2019 an gwada waɗannan huɗu tare da kazar Fulani da Shika Brown a gidajen ƙananan masu kiwo a jihohi biyar na Najeriya, ciki har da Kebbi mai zafi irin namu. Huɗun nan sun fi sauran biyun saurin nauyi. Wadda aka fi samu a hannun dillalan yankinmu ita ce Noiler.

Shika Brown. Ta gida ce, daga Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. An samar da ita don ƙwai, kuma don ta jure yanayin ƙasarmu. Jikinta bai kai na Noiler ba. Tana ba da ƙwai sosai in ana ba ta abincin masu ƙwai, in kuwa dusa zalla ce sai ta ja baya.

Leyas, wato masu ƙwan gidan gona. Suna fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, suna iya kai ƙwai 280 zuwa 300 a shekara. Amma sharaɗinsu mai nauyi ne: a rufe suke, abincin buhu kullum ba fashi, ruwa ba yankewa, rigakafi a kan lokaci. Wata huɗu da rabi za ki yi kina zuba kuɗi kafin ki ga ƙwan farko.

Buroila. Ta nama ce zalla. Mako 6 zuwa 8 ta isa yanka in an ba ta abincinta. Ba ta kiwo, ba a ajiye ta don ƙwai, kuma zafin bazara yana kashe ta, musamman idan ta yi nauyi. Sana'a ce ta mai jari da kasuwa a hannu. Ba za ta ba yaronki ƙwai ko ɗaya ba.

Zabi. Ba kaji ba ne, amma muna da su da yawa, shi ya sa muka sako su. Ƙwansu na damina ne, yana da ɓawo mai ƙarfi, yana daɗewa bai lalace ba. Suna taimakawa daga saukar ruwa zuwa kaka, sai su tsaya. Ba za a dogara da su kaɗai ba don ƙwan yaro na shekara.

3. Mu yi lissafi da tsakuwa

Mai jagora ta zuba tsakuwa a tabarma. Kowace tsakuwa ƙwai 10 ce.

Yaro ɗaya mai cin ƙwai ɗaya kullum yana bukatar 365 a shekara. A ware tsakuwa 36.

Kazar Hausa ɗaya tana ba da kamar tsakuwa 5. Ke nan sai kaji 7 ko 8 kafin su cika ƙwan yaro ɗaya, shi ma in ba a bar ko ɗaya don kwanci ba. Noiler ɗaya mai ƙoshi tana ba da kamar tsakuwa 15. Uku sun isa yaro ɗaya har da ragi.

To, kada mu tsaya nan, mu juya ɓangaren ciki. Babbar kaza irin Noiler ko leyas tana cin kamar giram 120 a rana in ba ta fita kiwo. Guda 10 za su ci kilo 1 da ɗan ƙari kullum, wato kusan rabin tiya. Buhun abinci mai kilo 25 mako uku zai yi musu. A tambayi mambobi nawa ake sayar da buhun a makon nan, nawa tiyar dusa, nawa ƙwai ɗaya a wurin mai shayi. A rubuta, kowa ta ga lissafin da idonta.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne, uku ko huɗu masu ƙoshi sun fi goma masu yunwa. Kaza mai yunwa jikinta take fara ceto, ƙwai ya zo daga baya. Uku kuwa dusar surfen gida da kiwon yini da ɗan ƙari za su riƙe su.

Ɗan ƙarin nan shi ne abin gina jiki, don dusa kaɗai ba ta yin ƙwai. A haɗa mata da tunkuza ko garin ƙuli-ƙuli, ko waken soya da aka soya aka niƙa, don ɗanyensa yana hana kaza narka abinci. A ba ta gara, da ganyen zogale, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka don ƙarfin ɓawo. Kada a ba ta hatsin da ya yi fumfuna. Ruwa mai tsabta a inuwa safe da rana da yamma, don ƙwai kansa yawancinsa ruwa ne.

4. Shawarar da muke bayarwa: a haɗa biyu

Ga gida mai yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda ba ya da kuɗin abincin buhu kowane wata, ga tsarin da ya fi sauƙin riƙewa:

- Kajin Hausa ko na Fulani 3 ko 4. Su ne uwayen garke. Su ke kwanci, su ke reno, su ke saura in shekara ta yi tsanani.
- Sagarun Noiler 3 ko 4. Su ne na ƙwan yara. Ƙwansu ba na sayarwa ba ne sai yara sun ci.
- Zakara ɗaya ya isa kaji 8 zuwa 10.

Kada ki sayi 'yan tsakin kwana ɗaya. Suna bukatar ɗumi dare da rana har mako huɗu, da abinci na musamman, da rigakafi kala-kala. A gidajenmu ɗumin nan kaskon gawayi ne ko fitila, kuma sau da yawa a ɗakin da uwa da jariri ke kwana ake ajiye su. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa, ga hatsarin gobara, ga yaro mai rarrafe da garwashi. Ki nemi waɗanda aka rena suka kai mako 5 ko 6, gashi ya rufe su, an yi musu rigakafin farko. Sun fi tsada, amma wanda ya rena su ya riga ya ɗauke miki lokacin da aka fi asara.

In kina son ƙari daga Noiler, ki sa ƙwanta 8 zuwa 10 ƙarƙashin kazar Hausa mai kwanci, in dai akwai zakara tare da su. Ki sani 'ya'yan ba za su fito daidai da uwar ba, wasu su yi girma wasu su yi kama da na gida, kuma jikoki sukan ƙara ja baya. Don haka bayan kamar shekara biyu a sake sabbin sagaru.

Wata dabara ga mai kajin Hausa kaɗai: ki riƙa kwashe ƙwai kullum, ki bar guda ɗaya da kika yi wa alama da gawayi. Kazar da ba ta ga ƙwai ya taru ba takan ƙara kwanaki tana yi kafin ta kwanta. Cikin kaji huɗu, biyu su yi kwanci, biyu su ciyar da yara.

5. Kaza da yaro a tsakar gida ɗaya

Wannan sashen shi ya fi kowane nauyi, a karanta shi sannu a hankali.

Kashin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, ko da kazar lafiyarta ƙalau. Babba yana tsallakewa ya wuce. Yaro ɗan wata 8 kuwa da hannu yake tafiya, kuma duk abin da hannu ya taɓa baki zai kai. Gudawa a kai a kai tana hana hanjin yaro tsotse amfanin abinci, sai ki ga yana ci amma ba ya girma. A ƙasar Habasha masu bincike sun lura cewa yaran gidajen da ke da kaji sun fi tsayi, amma inda kajin ke kwana cikin ɗaki tare da mutane sai amfanin ya zube. Ke nan kaza tana iya ba da ƙwai da hannun dama ta karɓe da na hagu.

Ga ƙa'idoji shida, a maimaita su tare:

1. Kaji su kwana a akurki, ba a ɗaki ba, ba a madafa ba, ko da lokacin ɗari ne.
2. A share tsakar gida da safe kafin a sauke yaro, a kai kashin bayan gida ko gona. Taki ne mai kyau.
3. Mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, a kore kaji daga wurin.
4. Kwanon yara da randa da kofi a rufe. Kaskon ruwan kaji daban, kuma mara zurfi.
5. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaza, ƙwai ko akurki, kafin a ba yaro nono ko abinci. Yaran da ke ɗauko ƙwai su ma haka.
6. Maganin kaji da na ƙuma a rataye sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a zuba shi a robar lemo.

Sai maganar hali. Zakaran da ke bin mutane yana sara, tsayinsa daidai fuskar yaro mai koyon tafiya ne. Kada a yi masa uzuri, a yanka ko a sayar. Ku tuna kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, ƙyanƙyasa ce kawai ba za a samu ba. In zakaran maƙwabta yana shigowa, ba dole ki ajiye naki ba. Kaza mai 'ya'ya ma takan yi faɗa, a kife ta da 'ya'yanta cikin babban kwando a inuwa na makonnin farko. Hakan ya kare yaro daga sara, ya kare 'yan tsaki daga shirwa da kuma hannun yaron kansa, don yaro ɗan shekara 2 bai san matsa tsako yana kashe shi ba.

6. Yaushe za a saya, kuma me za a duba?

Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka. Abinci ya wadata, zafi ya sauka, kuma kajin za su yi ƙarfi kafin hunturu. Kada a sayi ƙanana a tsakiyar ɗari ko a tsakiyar bazara.

Ki riƙe kazar a hannunki ki duba:

- Ido garau, ba ruwa ba kumburi.
- Hanci a bushe, ba minshari a numfashi.
- Zanko ja, ba ƙuraje.
- Gindi tsaf, ba kashi manne da gashi.
- Ƙirji da tsoka, ƙashin bai fito kamar wuƙa ba.
- Ki ɗaga fiffike ki duba ƙuma da ƙwarƙwata.
- Ki ajiye ta ƙasa ki ga tafiyarta.

A yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, akwai 'yan tsaki masu araha da ake yawo da su a kwali, yawanci mazan leyas ne da gidajen ƙyanƙyasa ke rabuwa da su. Ba za su yi ƙwai ba, kuma suna jinkirin girma. Na biyu, tsofaffin leyas da gidan gona ya gama da su. Na miya ne, ƙwansu ya ja baya. Araha ba ta ado. Gara ki saya wurin wadda kika san garkenta, ko ƙungiya ta haɗa kuɗi ta aiki mutum biyu wurin mai reno da aka sani, su tambayi ranar ƙyanƙyasa da rigakafin da aka yi.

Duk kazar da ta shigo daga kasuwa, ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Kasuwanninmu na kan iyaka suna tara kaji daga ƙauyuka da yawa, na nan da na Nijar, cuta kuwa ba ta san iyaka ba.

7. Rigakafi ya fi magani

Kowa a nan ta san annobar da ke share kaji da hunturu: kaza ta takure, fiffike ya sauka, kashi kore, wuya ya murɗe, cikin kwanaki akurki ya zama wayam. Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasul. Ba ta da magani, kuma ba ta bar kazar Hausa ba balle Noiler. Kafso da barkono da ake jiƙawa ba sa kashe ta. Amma tana da rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, an yi shi ne saboda kajin karkara. Ɗigo ɗaya ne a ido, ga babba da ƙarami, duk bayan wata 4. Mu riƙe Oktoba, Fabrairu da Yuni. Na Oktoba shi ne ba a wasa da shi, don ya riga hunturu.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba a ajiye ta sai wani mako. A nan ƙungiya ke da amfani. A sa rana ɗaya, a kira malamin dabbobi, kowa ta kulle kajinta tun dare, a raba kuɗin. Kaza mai lafiya ake yi wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba.

In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, kuma tana dawowa lokaci lokaci, tana iya kama mutum. Kada a yi saurin yanka marar lafiya a dafa wa yara, kada a kai ta kasuwa. A binne mushe da zurfi, yara kada su taɓa. Kazar da ake ba maganin ƙwayoyin cuta kuma, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta.

8. Ƙwan ya isa bakin yaro

Wata 6 na farko nono zalla. Daga wata 6 a fara ƙwai tare da nono. A dafa shi har gwaiduwa ta yi tauri, a murmushe a kunu ko fate, a fara da kaɗan. Ban da ɗanye, ban da fasasshe. In aka ga ƙuraje, kumburin fuska ko amai bayan ci, a dakata a kai shi asibiti. Mai ciki da mai shayarwa su ma suna da rabo.

Za ku ji ana cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Iyayena, 'ya'yan masu gidan gona kullum suna ci, ba mu ga sun fi kowa ɗauke-ɗauke ba. Tarbiyya ke hana sata. Ƙwai jiki da ƙwaƙwalwa yake ginawa.

A yankin Kaya na ƙasar Burkina Faso an gwada wata dabara a 2018 zuwa 2019. An ba yara ƙanana kaji a bainar jama'a da sunan yaran kansu, aka riƙa koya wa uwaye kiwo da ciyarwa kowane wata. Yaran da a da ba sa cin ƙwai suka koma ci kusan kullum. Tunda kowa ya san kazar ta yaro ce, sayar da ƙwanta ya zama abin kunya. Mu ma za mu iya. Ki ɗaura wa kaza zare a ƙafa, ki faɗa wa maigida da uwar miji da abokiyar zama cewa wannan ta wane ce. A yi maganar tun kafin kazar ta fara ƙwai.

9. Rance ko jira?

Kuɗin akwati na kowa ne, kuma wa'adin rance gajere ne. Sagarar mako 6 sai ta ƙara wata 4 ko fiye kafin ƙwan farko. In wa'adin biyanki wata 3 ne, da me za ki biya? Kafin ƙungiya ta amince da rancen kaji, a yi wa mai nema tambayoyi huɗu:

- Akurki ya kammala?
- Akwai abincin wata 3 a hannu ko hanyar samunsa?
- Ta shiga jerin rigakafi?
- Tana da wata sana'a da za ta biya da ita ko da kajin sun mutu?

In amsa ɗaya ta zama a'a, ta jira ranar rabo ta saya da kuɗinta. Wadda ke son kajin su biya kansu, ta haɗa da zakarun Noiler biyu ko uku ta sayar bayan wata 3 zuwa 4, ta auna lokacin ya faɗo gab da Sallah. Zakaru su biya bashi, sagaru su ciyar da yara.

Aikin rukuni (minti 20)

A kasu uku, kowane rukuni ya ɗauki gida ɗaya ya zaɓa masa kaji, ya faɗi dalili.

Gida na ɗaya: yara biyu, ɗan wata 9 da 'yar shekara 3. Ɗaki ɗaya, babu akurki, uwar tana da kuɗin rabo a hannu.

Gida na biyu: yara huɗu, uwar tana surfe da ƙuli-ƙuli, tana da kajin Hausa 5 da akurki, amma bara annoba ta kashe mata rabi.

Gida na uku: mai jego, an ce mata buroila 50 za su ninka mata kuɗi, tana son rance a watan Maris.

Mai jagora ta saurara ko rukunin farko ya fara da akurki, na biyu da rigakafi kafin ƙarin Noiler, na uku kuma ya tuna zafin bazara da gawayi a ɗakin jariri.

Aikin gida

Kafin zama mai zuwa, kowace mamba ta ƙirga kajinta, ta jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani duk ranar da ƙaramin ɗanta ya ci ƙwai, ta zo da gwangwanin. Ta kuma duba inda kajinta ke kwana, ta auna taku nawa ne daga inda yaro ke kwana. Sakatariya ta zo da sunayen masu shiga rigakafi da adadin kajin kowa, ma'aji ta zo da farashin dusa da na sagara na wannan makon. Da waɗannan za mu sa ranar kiran malamin dabbobi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke kiwo.